Farin Gari a Gindin Kwalba

Zuwa ga ɗan Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka. Ni ma lafiya lau, ban da gwiwa da ta fara yi mini gardama in zan durƙusa.

Na san za ka yi mamakin tsintar wasiƙa a cikin kular da ake kawo muku ruwan gwaji. Waya a nan sai mutum ya hau tudu ya ɗaga hannu sama yana roƙo, shi ya sa na ce bari in bi direba. Ni ce ma'aikaciyar jinyar ƙaramin asibitin da ke kusa da famfon da kuke kira rijiya ta tara a takardunku. Kakata da kakar mahaifiyarka ciki ɗaya suka fito. Sau ɗaya na taɓa ganinka, kana ɗan shekara biyar, ka ƙi shan ruwa a kofinmu sai da aka wanke shi sau biyu. Da na ga sunanka a ƙasan takardar sakamako, na ce ashe halin nan bai bar shi ba, har ya zama sana'a.

Wata uku ke nan da ɗibar ruwan ta dawo hannuna, tun da aka yi wa mai yi canjin wurin aiki. Sau uku takardarka tana dawowa da magana ɗaya, ruwa lafiyayye. Shugaban kwamitin rijiya ya sa ta a leda ya manna a bangon famfo. Ni kuma na tara mata na ce kowa ta sauke tukunyar tafasa ruwa. Ba za ka gane daɗin wannan magana ba sai ka zo. Itace a nan, mace ta fita da sassafe, ta dawo rana tsaka da abin da bai cika igiya ba.

Mai ɗinkin da shagonta yake kallon tagar asibiti ita ce ta ƙarshen yarda. Tagwaye gare ta 'yan wata takwas, muna ce musu Babba da Ƙarama, har ruwan wankansu tafasawa take yi. Sai da na ce mata ɗana ne ya sa hannu.

Ga kwalabe biyu nan. Kada ka damu da su, ina kula maka da su yadda ya kamata. Ka gaishe mini da Yaya, mahaifiyarka.

Innarka ta nesa.

*

Zuwa ga Inna,

Amin wa alaikumus salam. Na ga saƙonki, na ji daɗi ƙwarai. Mu duk lafiya. Na karanta wa Mama wasiƙar, ta yi dariya har da hawaye, ta ce in gaya miki sau uku aka wanke kofin, kin rage mini ɗaya. Ta ce a yi miki sannu da gwiwa.

Tun da kika rubuto, rijiya ta tara ta daina zama lamba a wurina. Rijiyoyi arba'in muke dubawa, mu uku, a ɗaki ɗaya da firji mai gurnani. Aikin ba wani abin mamaki ba ne. Mukan tace ruwan ta wata 'yar takarda, mu ɗora ta a faranti, mu sa a akwati mai ɗumi ya kwana. Washegari mu ƙirga ɗige-ɗigen da suka fito, kowane ɗigo ƙwayoyin cuta ne. Wasu rijiyoyin sai ido ya gaji da ƙirga. Taku kuwa, wannan watan ma ko ɗigo ɗaya babu. Abokan aikina sun ce in tambaye ki ko akwai ɗakin haya, za su ƙaura can.

Tambaya ɗaya. Wanda kika gada ya bar miki takardar umarnin ɗibar ruwa? In babu ki faɗa mini in aiko.

A shafa mini kan tagwaye.

Ɗanki.

*

Ɗana,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Jikina da sauƙi. Takardar umarnin ban gan ta ba, amma shekara ashirin da shida ina wannan aiki, ba sai an koya mini cika kwalba ba. Wata biyu ban rubuto ba, domin ban samu kaina ba.

Gudawa ta shigo mana. Yara goma sha ɗaya na kwantar, gado kuma huɗu ne, sauran a tabarma a baranda. Ƙarama ta rasu ranar Laraba da la'asar. Uwar ta kawo ta tun Litinin, na ɗora ta a sikeli, kilo bakwai da ɗigo biyu, alhali watan jiya takwas ta yi. Na ba ta ruwan gishiri da sukari cokali-cokali, yana shiga yana fita. Da na zo sa mata ƙarin ruwa na nemi jijiya a hannu, na nema a ƙafa, na nema a kai, ban samu ba. A cinyata ta cika.

Zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba, kada ka ce tsohuwa ta fara ruɗewa. Sikelinmu irin na ratayewa ne, mai ɗan wandon da ake zura yaro a ciki. Tun ranar nan allurarsa ba ta koma sifili ba. Ba kowa a ciki, tana tsaye a bakwai da ɗigo biyu. Na murɗa, na buga, ta sauka, in juya baya in waiwayo ta koma. Na san ƙarfe ne ya gaji, na san haka sarai. Amma da rana tsaka, in ɗakin ya yi tsit, sai in ga wandon yana lilo, ga taga a rufe. Hannun famfo kuma in yana ƙara daga nesa, nakan ajiye abin da ke hannuna in fita neman yaron da ke kuka.

Mai ɗinki kullum tana shigowa da Babba a goye, da katin awo biyu a hannu. Na biyun na Ƙarama ne.

Na ce wa mata su koma tafasa ruwa har a gane abin da ake ciki. Suka nuna mini bangon famfo, suka ce takarda mai hatimi ta ce lafiya. Bakina bai kai nauyin hatiminka ba. Don Allah ka duba na wannan watan da idonka, kada ka ba wani.

Innarka.

*

Inna,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan Ƙarama, Ya ba uwarta haƙuri, ke ma Ya ba ki. Mu lafiya.

Ni na yi gwajin da kaina, na maimaita shi sau biyu. Farantin fes yake. Na tsaya a kansa ina kallo har abokin aikina ya taɓa ni.

Inna, tsaftar ruwanku ta fara ba ni tsoro. Ruwan ƙasa ba ya yin haka wata shida a jere, ko rijiyar da ta fi kowacce kyau takan nuna ɗigo ɗaya ko biyu wani lokaci. Ki yi haƙuri da tambayata. Daga bakin famfon kike ɗiba, ko daga wani wuri? Ki rubuto mini duk abin da kike yi, tun daga buɗe kula har rufe ta, kada ki tsallake komai, ko da kina ganin ba shi da muhimmanci.

Ɗanki.

*

Zuwa ga ma'aikacin ɗakin gwaji,

Bayan gaisuwa. Na karanta tambayarka sau uku. Wato a ganinka zama nake a inuwa in cika maka kwalba daga tankin asibiti, don ƙyuyar taka ƙafa zuwa famfo. Da wannan gwiwar nake zuwa, in jira layi, in ɗiba da hannuna. Na rufe idon yarinya a cinyata, kai kuma kana can ƙarƙashin fanka kana neman mai laifi. In ƙarya kake zargi, ka turo wanda ka yarda da shi.

Ga kwalabenka.

*

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina fatan wannan ta same ki lafiya, ke da yaran da ke hannunki. Wallahi ban zarge ki da ƙarya ba. Na yi kuskuren tsara magana, ki yafe mini. Watan jiya na buɗe kula na ga kwalabe ba takarda, na san fushi kike. Wannan watan kular ma ba ta zo ba, an ce motarku ta lalace. Mako uku wasiƙar nan tana aljihuna. Na kira lambar asibitinku ban san iyaka ba. Yau na samu motar masu rigakafi, na roƙe su.

Kafin komai, a cire takardata daga bangon famfo yau ɗin nan. Kowa ya tafasa ruwa.

Ga abin da ya faru. Mu da takunkumi a fuska muke aiki. Ranar da nake buɗe kwalabenki na ƙarshe igiyar nawa ta tsinke, sai na ji warin da ba na rijiya ba, warin ɗakin asibiti da aka gama gogewa. Na ɗiga maganin gwajin kulorin, ruwan ya yi ja-ja. Ba mu taɓa yi wa ruwan rijiya wannan gwajin ba, tunda ba a zuba musu kulorin. In akwai shi a kwalba, duk ƙwayar cutar da ta shiga za ta mutu a hanya, ni kuma in karɓi ruwa fes in sa hannu.

Kwalabenmu a dafe suke zuwa, a rufe. A gindin kowacce akwai ɗan farin gari. Ba datti ba ne, magani ne da muke sawa da gangan don ya kashe ƙarfin kulorin in an samu shi a ruwa. Inna, akwai mai wanke kwalaben nan kafin a cika su?

Na aiko miki da sabon akwatin gwaji, ƙarami, da sola yake aiki, da 'yan kwalabe na musamman. Ba sai ruwa ya zo nan ba. Ki cika ɗaya kai tsaye daga bakin famfo. Ɗaya kuma ki fara ɗibar ruwan a tsohuwar kwalba, ki bi duk yadda kika saba, sannan ki juye. Ki sa su a akwatin su kwana. Wadda ke da cuta za ta koma baƙa.

Yaya Babba?

Ɗanki.

*

Ɗana,

Ina gaishe ka. Kada ka tambayi lafiyata.

Ni ce mai wankewa.

Ranar farko da na buɗe kularku na ga garin nan a gindin kwalabe, na ce wane irin ɗakin gwaji ne wannan, ko ɗauraye sabulu ba su iya ba. Na kai su bokitin ruwan kulorin da nake jiƙa almakashi da kwanon haihuwa, na wanke tas, na kife a kan tawul a bakin taga. Har takardar ƙorafi na rubuta zuwa ga shugabanku, na ajiye ina jiran direba. Sai sakamakon farko ya zo, na ga sunanka. Na ce yaron Yaya ne, ba ni zan jawo masa faɗa a wurin aiki ba. Na yage takardar. Na ce zan riƙa wanke masa a ɓoye, ba mai ji. Wata tara ina rufa maka asiri, har ina jin daɗin kaina. Da takardar nan ta tafi, da tun watan farko wani ya amsa mini da layi ɗaya.

Da ka ce in rubuto maka komai, wannan ne kaɗai abin da na ƙudurta ba zan rubuta ba, don kada ka ji kunya. Sai na ɓuya a bayan fushi. Yara biyu aka ƙara binnewa a cikin fushin nan.

Na yi yadda ka ce. Jiya da safe na buɗe akwatin. Wadda ruwanta ya bi ta kwalbar da na wanke garai take. Ɗayar baƙa ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Na jera su a tebur na zauna a gabansu har aka fara buga ƙofa. A nan na tuna da wane ruwa na haɗa wa Ƙarama gishiri da sukari. Daga famfon nan na ɗebo, ban tafasa ba, ni da na hana mutane tafasawa. Kwana biyu ina ɗura mata, ina cewa haɗiye, 'yar albarka.

Na yage takardarka daga bango da hannuna. Na ɗaga baƙar kwalbar a gaban layin mata, ba wadda ta yi gardama. Shugaban kwamiti ya kira magini, suka tarar daɓen simintin ya tsage ta ɓangaren da ake shayar da dabbobi, ƙazanta tana zirarawa ƙasa. Sun fara gyara. Da aka tambaye ni yadda aka yi takardu bakwai suka yi ƙarya, na ce ana bincike.

Babba tana gado na biyu, kwana uku ke nan. Wannan karon na samu jijiya. Uwar tana zaune a gefenta, in na wuce sai ta ce sannu da ƙoƙari, Allah Ya saka miki. Kowace sannu sai na ji ta a ƙirjina. Allurar sikeli tana nan inda take.

Innarka.

*

Inna,

Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya ba Babba lafiya. Ban nuna wa Mama wasiƙarki ba.

Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Mun aika kwalabe ba rubutu a jikinsu. Na tambaye ki takardar umarni sau ɗaya, kika ce ba kya buƙata, na ji nauyin nanatawa ga babba, ban aiko ba. Wata shida ina kallon farantin da ba zai yiwu ba, ina yi masa barkwanci. Na ciro kwafin takardun nan bakwai, suna cikin aljihun teburina. Ba na buɗewa, amma duk takardar da aka miƙo in sa hannu sai na ji hannuna ya tsaya.

A rahotona zan rubuta cewa mu ne ba mu ba da umarni ba, kuma gaskiya ne. Yanzu kowace kwalba da za ta fita sai an manna mata rubutu da manyan baƙaƙe: kada a wanke, garin magani ne. Sunanki ba zai fito ba. Ni ina nesa, ba wanda ya san fuskata a can. Ke kuwa da mutanen nan za ki ci gaba da zama, kuma suna buƙatar su yarda da ke. Ki ce musu daga ɗakin gwaji ne. Ki bar ni ni ma in rufa miki.

Ɗanki.

*

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Yaya, da iyali. Gwiwa tana nan yadda ka santa. Babba ta tashi, an sallame ta ranar Asabar. An gama daɓen famfo, na gwada sau uku a akwatinka, biyun ƙarshe ba su yi baƙi ba. Duk da haka ban ce kowa ta sauke tukunya ba.

Na gode da abin da ka so yi mini. Amma rufa wa juna asirin nan shi ya kawo mu nan, ba zan ƙara wani a kai ba. Ka sa sunana a rahoton.

Na gaya wa kwamiti ranar Lahadi. Wannan bai yi mini wuya sosai ba, maza ne suka yi ta gyaran murya suna kallon ƙasa. Mai wuyar ita ce ta Litinin. Na tsallaka titi da hantsi na shiga shagon mai ɗinki. Tana kan keken ɗinki, Babba tana zaune a ƙasa tana wasa da ƙyallaye. Ta ba ni kujera na ƙi zama. Na faɗa mata komai a tsaye, garin, bokitin, takardar da na yage, har ruwan da na ɗura wa Ƙarama. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka. Ta dai cire ƙafarta daga keken, ta daɗe tana kallon tagar asibiti.

Sannan ta ce, "Ai na sani kina wanke su."

Na ce ta yaya.

Ta ce, "Daga nan nake hango ki duk wata. Ki wanke, ki ɗaga su a haske ki duba, ki sake wankewa. Ni ban iya karanta takardar bango ba, ɗanki kuma ban san shi ba. Ke na gani. Na ce a raina, macen da take wanke kwalba haka, in ta ce ruwa yana da kyau, to yana da kyau. Ranar na sauke tukunyata."

Ta mayar da ƙafarta kan keke.

Jiya ranar awo ce, ta zo da Babba, kati ɗaya a hannunta. Na murɗa allurar ta sauka sifili, na zura yarinyar. Takwas da ɗigo ɗaya. A da fuskata take kallo ta jira in faɗa. Jiya matsowa ta yi ta kalli allurar da kanta, sannan ta leƙa abin da na rubuta. Da suka fita ban waiwayi sikelin ba, har yanzu ban waiwaya ba.

Yau da na buɗe taga na ga ta ɗinka wa shagonta labule.

Ga kwalabe biyu nan, ka gwada su a wurinku. Na ga garin a gindinsu, hannuna har ya nufi bokiti. Ban wanke ba.

Innarka.